An Rubuta Tanimun Cikin Matattu

Ranar da masu ƙidayar lanho, wato harajin kai, suka zo ƙauyen, a cikin rumbu Tanimun ya wuni.

Da hantsi ƙanensa Badaru ya shigo gida da sauri, ya same shi a gindin bango yana ƙulla igiyar akuya da hannu ɗaya da haƙori. Hannunsa na dama igiyar injin niƙa ta cinye shi shekara biyu da suka wuce. Injin nasa ne, shi kaɗai ne a ƙauyukan da ke gabas da Dogarawa, amma tun da ya kwanta jinya Badaru ke riƙe da shi.

"Yaya, tashi ka shiga rumbu."

"In shiga rumbu in yi mi?"

"Mutanen buro, ma'aikatan gwamnati, sun sauka ƙofar maigari. Gida gida za su bi suna ƙirga kawuna. Ba ni son su gan ka."

"Ni ɓarawo ne da za a ɓoye ni?"

Badaru ya dubi ƙofa, ya rage murya. "A takardarsu ka rasu. Tun bara."

Tanimun ya saki igiyar. Ya yi dariya, don ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar ƙanensa ba ta motsa ba, sai ya miƙe.

"To bari in je in gaishe su. Su ga yadda matattu ke tafiya a garin ga."

Bai kai zaure ba Badaru ya fizgo shi ta wuyan riga, ya ɗauke shi da mari har hularsa ta faɗa cikin kwatami. Wannan ne karo na farko da ya ɗaga wa wansa hannu. Kande, matar Tanimun, ta yar da taɓarya ta taho a guje. Uwarsu, Inna Asabe, ta fito daga ɗaki tana ɗaura zani.

"Badaru, wanka ne fa," in ji tsohuwar. Sannan ta juya ga wanda aka mara. "Kai kuma Tanimun, in sun gan ka kaso za su kai ƙanenka. Wa zai ciyar da mu? Ka shiga don ni. Wuni guda ne."

Don uwarsa ya hau tsani, ya zura ƙafafunsa ta bakin rumbu, ya faɗa kan damman gero. Badaru ya mayar da jinka ya rufe, ya ɗauke tsanin. Mai hannu ɗaya ba ya fita daga rumbun ƙasa sai an fito da shi. Yana ciki ya ji mai ƙidaya na karanta sunayen gidan, ya ji an kira Kande, an ce mijinta ya rasu. Ya ji Badaru ya ce, "Allah ya jiƙan shi," mutane suka amsa da amin. Sai bayan la'asar aka ciro shi, ƙaiƙayi ya cinye masa jiki, ya yi fitsari a wando.

Ga yadda aka kashe shi a takarda.

A Birnin Ƙonni akwai wani Sallau, tsohon akawu da aka kora daga aiki. Yana da tebur a gindin bishiya kusa da kasuwa, da tsohuwar na'urar buga takarda. Mahauta da teloli da masu motoci da 'yan goro duk wurinsa suke zuwa, ya gaya musu wace irin fatanti ta dace da su, wato takardar izinin sana'a, da watan da ake biya, da ƙofar da za a shiga. Rabin shawararsa gaskiya ce, shi ya sa ake yarda da sauran rabin.

Badaru ya je masa a shekarar 1969. Ya ce shi ke wahala da inji, shi ke sayen mai, amma fatanti sunan wansa take ɗauke da shi, kuma wan ya ƙi sakin ta.

Sallau ya ɓare goro. "Hanya biyu ce. Ko mai inji ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa ya ce ya bar maka, ko kuwa ya mutu ka gada. Yana da ɗa namiji?"

"Babu. Ko mace babu."

"To ka ji ta biyun. Shaidu biyu da hatimin maigari. Fatanti ta dawo sunanka, kuma kai guda ya fita daga lanhon gidanku har abada. Riba biyu ke nan."

"Amma Malam, yana da rai."

"Na tambaye ka? Takarda ba ta zuwa ƙauye ta leƙa ɗaki, ɗan'uwa. Shi yana gida yana shan furarsa, mi ya rage shi da shi?"

Abin da Badaru ya riƙa faɗa ke nan daga baya, kamar ya haddace. Ba a hana Yaya tuwo ba. Ba a kore shi ba. Me aka rage shi da shi?

An rage shi da kasuwa. Ranar kasuwar Dogarawa masu karɓar haraji na yawo, don haka aka ce kada ya je. An rage shi da bakin hanya, don motar gwamnati na wucewa. Da aka zo yin lambar rigakafin ƙyanda aka ce ya zauna a ɗaki, don ana rubuta sunaye. Mutumin da ya saba zama gaban injinsa mata suna layi da ƙwarya suna tsokanarsa, ya koma zaman tsakar gida tare da kaji.

Wata safiya ya gaji, ya tafi rumfar inji. Fatanti na rataye jikin ginshiƙi cikin gilashi. Bai iya karatun boko ba, amma ya san siffar sunansa, kuma ba ita ce a wurin ba. Ya kai hannu zai ciro ta.

Badaru ya kashe inji. Ya ɗauko guntuwar tsohuwar igiyar inji mai kauri, irin wadda ta ci hannun wansa, ya zabga masa a gadon baya. Ya ƙara a wuya. Tanimun ya ɗaga dungulmin hannunsa don ya kare fuska, dukan ya sauka a kan tabon, tabon ya fashe. Mata bakwai ne a layi. Ɗaya ta ce, "Haba Badaru." Sauran suka rufe ƙoransu don kada jini ya fantsama a kan hatsi.

Da yamma Kande ta rako shi gidan maigari, rigarsa manne da baya. Maigari ya saurare shi har ƙarshe, yana jan carbi.

"Tanimun, gaskiyarka ce. Amma hatimina ne a takardar nan. In anka buɗe taka, za a buɗe ta kowa. Kai kaɗai kake tsammani? Gida nawa a garin ga sunka ɓoye kai guda ko biyu? Shanu nawa anka kai daji ranar jangali? Gari duka za ka kai kaso don suna kawai?"

"Ranka ya daɗe, su waɗanda anka ɓoye ba a ƙwace musu inji ba."

"Ka yi haƙuri. Zan yi wa yaron magana."

Bai yi masa ba. Buhun gari na zuwa gidan maigari duk wata ba tare da ya biya kuɗin niƙa ba, kowa ya sani.

Bayan girbin 1971 Tanimun ya yanke shawara. Kande ta sayar da akuyarta ta ba shi kuɗin mota. Ya fita kamar zai je bayan gari, ya bi ta cikin karan dawa har bakin hanya, ya hau motar ɗaukar albasa zuwa Ƙonni. Ya isa buro, ofishin gwamnati, kafin azahar, ya bi layi, ya tsaya gaban wani akawu saurayi mai farar riga.

"Malam, na zo a gyara mini takarda. An rubuta na mutu, ga ni kuwa da raina."

Mutanen da ke layi suka yi dariya. Akawun bai yi ba. Ya tambayi sunansa da na ubansa da ƙauyensu, ya ɗauko wani babban littafi ya bi da yatsa.

"Ga shi. Tanimun ɗan Labbo, ya rasu da zazzaɓi. Baba, kana da wata takarda mai hotonka?"

"Ban taɓa yin hoto ba."

"To sai ka zo da mutum biyu daga garinku su rantse kai ne, da wasiƙar maigari. In ka kawo, ni da kaina zan kai wa kumandan, shugaban buro."

Yana cikin faɗin haka Badaru ya shigo, gumi na zuba, Sallau na bayansa. Wata mata ce ta ga Tanimun na hawa mota ta kai labari rumfar inji. Sallau ya matso gaban teburin da murmushi, ya gaisa da akawun da Faransanci, sannan ya koma Hausa don jama'a su ji.

"A yi mana afuwa. Wanga bawan Allah mai taɓin hankali ne, baƙo ne da wannan yaro ke riƙo don Allah. Tun da ya ji labarin marigayi ya ɗauki sunansa. Kullum maganarsa ke nan, wai an kashe shi kuma yana da rai. Kun taɓa jin mai hankali ya faɗi haka?"

"Ƙarya kake, tsohon munafuki," in ji Tanimun. "Badaru, dube ni. Ba ni na goye ka ba ran da kunama ta harbe ka? Faɗa musu ko ni wane ne."

Badaru ya dubi ƙasa. "Kun ji irin ta. Taso mu tafi gida, bawan Allah."

Tanimun ya damƙi ƙafar tebur da hannunsa ɗaya. Ya fara ihu yana faɗin sunansa da na ubansa da na kakansa. Duk yadda ya ƙara ɗaga murya, haka ya ƙara kama da abin da aka ce shi ne. Mai gadi ya zo ya taimaka aka ɓanɓare yatsunsa. A tasha, bayan motoci, Badaru ya kayar da shi ya hau ruwan cikinsa, ya yi ta naushinsa a baki har haƙora biyu suka zube. Da mutane suka taru, Sallau ya ce musu, "Mahaukaci ne, ya ciji mutum." Wani direba ya ba da igiya kyauta.

Kafin su rabu Sallau ya ja Badaru gefe. "Ka ga abin da sakaci ke jawowa. In ya sake zuwa ya samu mai sauraronsa, kai da ni da maigarinku duk mun tafi. Mahaukaci marin ƙarfe ake sa masa a ƙafa. Babu dokar da ta hana."

Kashegari maƙeri ya zo gidan da ƙarfe da guduma. Ya san Tanimun tun suna yara, tare aka yi musu kaciya. Bai ɗaga kai ya dube shi ba har ya gama buga marin a ƙafafunsa biyu. Aka ɗaure sarƙar jikin turmin da aka binne rabinsa a ɗakin ajiyar kara.

Kande ta tsaya a ƙofar ɗakin. "Badaru, ka ji tsoron Allah. Ka san lafiyarsa lau."

"Mai lafiya ne zai tafi ya kai uwarsa da ƙanensa ga hukuma? Ke ma in ba ki kama bakinki ba, ƙofa a buɗe take. A takarda ba ki da miji a gidan ga."

Ba ta tafi ba. Ita ke kai masa tuwo, ita ke kwashe kashinsa, ita ke cusa tsumma tsakanin ƙarfe da fata. Duk da haka marin ya ci idon sawunsa. Da zafi ya shigo gyambon ya fara wari, ƙudaje suka tare a ɗakin. Ta roƙi a kai shi wurin likita a Dogarawa.

"Likita sai ya rubuta suna," in ji Badaru. "Wane suna za mu ba shi?"

Ta je ga Inna Asabe ta durƙusa. Tsohuwar ta yi kuka sosai, hawaye na gaske. Sannan ta share ido ta ce, "Kande, ni na haife su duka. In na buɗe baki na rasa mai ciyar da ni, kuma ba zai mayar wa wancan hannunsa ba. Da ya zauna lafiya da ba a kai nan ba. Ga man shanu, ki shafa masa."

Liman ya ce al'amarin gida ne. Maƙwabta suka ce ai Badaru na ƙoƙari, ga tsadar mai, ga damina ba ta yi kyau ba, ga baki da yawa a wuyansa. Yaran ƙauyen suka fara kiran ɗakin kara ɗakin mahaukaci, babu wanda ya tsawata musu.

Wata bakwai ya yi a cikin mari. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma hankalinsa bai gushe ba. Kullum in Kande ta shigo tambayarsa ɗaya ce: ko wani baƙo ya zo daga buro?

Ranar wata Talata, da rana tsaka, baƙon ya zo. Mai duba fatanti ne, a kan babur. Rumfar inji na jikin katangar gidan, Tanimun ya ji ƙarar babur, ya ji ana gaisuwa da Faransanci. Ya ja sarƙarsa har iyakarta, ya kafa baki a tsagar bango.

"Ranka ya daɗe, ka ji ni. Ni ne Tanimun ɗan Labbo, mai injin ga. Ina da rai. Ka zo ka gani."

Baƙon ya ɗaga kai. "Wa ke magana?"

"Wani mara lafiya ne muke riƙo," in ji Badaru. Ya kama ƙarfen tayar da inji ya murɗa, injin ya ɗauka da ƙara, ya rufe kowace murya. Baƙon ya duba takardar da ke cikin gilashi, ya ga komai daidai, ya sa hannu, ya karɓi ruwa ya sha, ya hau baburinsa.

Badaru bai kashe injin ba. Ya shigo gida da ƙarfen a hannu. Kande ta gan shi ta sha gabansa, ya hankaɗe ta ta faɗa kan murhu. Ya shiga ɗakin kara. Bugun farko a kafaɗa ya sauka, na biyu a haƙarƙari. Tanimun ya ɗaga hannunsa guda, Badaru ya karya shi. Na ƙarshe a gefen kai ne. Duk wannan matan da ke layi a waje ba su ji komai ba sai ƙarar niƙa.

Ya fito yana haki, ya jefar da ƙarfen. Uwarsa na tsaye a tsakar gida.

"Shi ya ja," ya ce mata. "Kin ji shi da kunnenki. So yake ya hallaka mu."

Tanimun bai sake magana ba. Ya cika ranar Alhamis bayan azahar, kansa a cinyar Kande. Aka kira maƙeri ya cire marin kafin wanka. Mai wankan gawa ya ga kan, ya ga hannun, ya ja likkafani ya rufe. Maza fiye da arba'in suka yi masa salla, aka binne shi kafin la'asar.

Kwana uku bayan haka Kande ta bar zaman takaba, abin da mace ba ta yi, ta taka har bakin hanya ta hau mota zuwa wurin jandarma. Wani babba mai furfura ya saurare ta. Ya ɗauki alƙalami.

"Sunan mijin naki?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Shekara goma sha tara tana aurensa, ba ta taɓa kiran sunansa da bakinta ba, ko a bayan idonsa.

"Baiwar Allah, ba zan iya rubuta ƙara ba sai da suna."

"Tanimun," ta ce. "Tanimun ɗan Labbo."

Ya aika a duba littafi. Aka dawo da amsa cewa mai wannan suna ya rasu da zazzaɓi shekara uku da suka wuce. Jandarman ya ajiye alƙalami. Bai kore ta ba. Ya ce zai zo ya gani da idonsa, kuma ya cika alkawari, ya zo bayan mako guda.

Aka tara maza a ƙofar maigari. Ya tambaye su kabarin wane ne sabon nan. Maigari ya ce na wani baƙo ne mai taɓin hankali, wanda Badaru ya riƙe shekaru don Allah, ya faɗi ya fasa kai. Maƙeri ya ce haka ne. Mai wankan gawa ya ce haka ne. Liman ya sunkuyar da kai yana motsa baki, bai ce a'a ba. Aka ce Kande baƙin ciki ne ya taɓa ta tun rasuwar mijinta, har take ganin baƙon kamar shi.

Jandarman ya ce a kira masa uwar gidan. Inna Asabe ta fito a kan sanda, Badaru na riƙe da gwiwar hannunta.

"Inna, tambaya ɗaya zan yi miki. Wanda anka binne ranar Alhamis, ɗanki ne?"

Tsohuwar ta dubi Kande. Ta dubi hannun da ke riƙe da ita.

"Ɗana ya daɗe da rasuwa," ta ce.

Jandarman ya rubuta cewa mamacin baƙo ne, ba a san sunansa ba. Ya rufe littafinsa ya tafi. Kande ta ɗauki ƙullin kayanta a ranar, babu wanda ya raka ta ko zuwa bakin gari.

Badaru ne ya ɗaga ƙarfe, wannan ba a musu. Amma shi kaɗai ba zai iya ba. Sai da aka samu mai ilimin takarda ya sayar masa da dabara, da mai hatimi ya buga, da maƙeri ya ƙera, da maza arba'in da suka tsaya sahu a kan gawar mutumin da suka sani tun yana yaro, suka ce ba su san shi ba. Kowannensu na da uzuri, kuma kowane uzuri na da kai guda ko saniya guda da aka ɓoye a bayansa. Lanho na da nauyi, babu talakan da zai ce ba haka ba. Amma duk mai sana'ar da ya je neman sauƙi aka ce masa ya share sunan ɗan'uwansa, ya tashi daga wurin tun bai ƙarasa jin bayani ba. Wanda ka rubuta a matattu dole ka tsare shi kada a gan shi, dole ka rufe masa baki, kuma mai rai ba ya yin shiru sai ka mayar da ƙaryar gaskiya da hannunka.

Injin na nan yana niƙa. Takardunsa duk daidai suke.